An Yi Gayya A Hoto, Ciyawa Ta Cinye Gonar Innata

Zuwa ga Baba Fasto da dattawan ikilisiyar ƙauyenmu, yankin Maruta, ƙaramar hukumar Gwaram.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ni ce Rifkatu, 'yar marigayi Bulus, ina ɗinki a Birnin Kudu. A hannunku na girma, don haka ku yi haƙuri in harshena ya yi kaifi. Abin da na gani ne har yau ya ƙi barin idona.

Na ɗaya. Tun rasuwar Babana, gonar geronmu ta koma hannun mahaifiyata, Inna Saratu, ga ta da ciwon gwiwa. Wannan gonar ce abincinta na shekara. Da damina ta kankama sai na ga hotuna a waya: matasan ikilisiyarmu, riga iri ɗaya, kowa da fartanya a kafaɗa, a gonarmu, an rubuta wai sun yi wa gwauruwa gayya. Kukan daɗi na yi! Na riga na shirya da masu ƙwadago su je su yi mata noman farko, nan take na ce su bari. Da na kira ta a wayar maƙwabta, ta ce mini lallai sun zo, Allah ya yi musu albarka.

Na biyu. Makon jiya na zo gida na nufi gona. Baba Fasto, sai da na zauna a ƙasa. Ciyawa ta kai mini ƙugu, geron ya yi ja, ya ƙanƙance. Inda aka nome shi ne gindin ɗorawar bakin hanya, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, kuma a nan aka ɗauki hoton. Da ƙyar Inna ta faɗa mini gaskiya: sun yi 'yan sara, suka jera aka ɗauka, suka sha kunun da ta dama, suka ce suna da koyon waƙa, za su dawo Asabar.

Na uku, kuma wannan ya fi ba ni kunya. Maƙwabcinmu Malam Sale, Musulmi ne, tun Baba na kwance yake kawo shanunsa ya yi mana huɗa, ya turo iyalinsa noma. Bana da aka nuna masa hoton sai ya ja da baya, a ganinsa mutanen Inna sun riga shi. Da ya ji abin da ya faru, dattijon nan ya zo har gida yana ba ni haƙuri. Shi ke ba da haƙuri! Hoton bai tsaya ga ƙin taimako ba, ya kori masu taimakon ma.

Na huɗu. Ban ce yaran nan mugaye ba ne, wasunsu ni na goya. Zamani ne ya koya musu cewa duk alherin da fuskarka ba ta fito a ciki ba asara ne. Ku duba hotunan da kyau: kowa ya fito fes yana dariya, amma Inna hannunta kawai ake gani riƙe da ƙwarya. To wa aka yi wa gayyar? Ubangijin da muke bi ya durƙusa ya wanke ƙafafun mabiyansa a cikin ɗaki, ya kuma koya mana a yi alheri a ɓoye. Yaushe son kai ya shigo mana har ya sa rigar hidima? Kuma na ji an tafa musu a sujada, ba dattijo ɗaya da ya taka ya leƙa gonar. Haba, iyayena!

Ga roƙona. A cire hoton nan, don ƙarya ce da sunan ikilisiya. Matasan su zo Asabar mai zuwa, ko za a ceci abin da ya saura kafin lokaci ya ƙure, su bar wayoyinsu a gida. Ni ma zan rufe shago in zo da fartanyar Baba.

In kuma ba za su zo ba, don girman Allah a tura wani ya gaya wa Inna. Tun ranar da suka ce za su dawo, duk Juma'a sai ta ɗebi gero daga ɗan abin da ya rage a rumbu ta jiƙa, Asabar ta dama kunun mutum ashirin, ta ja ƙafa zuwa gindin ɗorawa ta zauna har rana ta karkata. Na yi na yi ta daina, ta ce 'ya'yan ikilisiya ba za su yi mata ƙarya ba.

Allah ya ƙara muku hikima da lafiya, ya ba ku ƙarfin faɗa wa 'ya'yanmu gaskiya, ya sa mu ga kaka lafiya.

Wassalam.

'Yarku cikin Almasihu,
Rifkatu, Birnin Kudu.