Abin da Afra'u ta gano a rafin bayan gonarmu

Zurgu, Rano,
14 ga Maris, 2004.

Zuwa ga Yaya Muntari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali a Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ciwon ƙafar nan. Mu nan kowa ƙalau. Iya ta warke daga murar da ta yi, Saude kuma tana ta ɗawainiya da ita.

Yaya, kwana tara ke nan na kasa zama wuri guda, shi ya sa ban jira zuwanka na Sallah ba. 'Yarka Afra'u ta zo mana daga jami'a a Kano, ta ce aikin kammala karatunta shi ne ta duba lafiyar wani ƙaramin rafi, kuma namu ta zaɓa. Na yi dariya, na ce mata ban taɓa jin rafi ya kwanta ciwo ba. Ta ce in dai raka ta. Muka fita da kwalabe da rariya da wani farin faranti.

Daga sama muka fara, can gindin dutse. Ta tuɓe takalmi ta shiga, tana birkita duwatsu tana wanke abin da ke manne a ƙarƙashinsu cikin farantin. Sai ga 'ya'yan mazari da ƙananan kaguwa da wasu ƙwari da ban taɓa lura da su ba, iri goma sha ɗaya ta ƙirga. Ta ce waɗannan ba sa zama sai a ruwa mai kyau. Muka gangaro daidai fadamarmu ta tumatir, ta samu iri uku. Da muka wuce ƙasa, mashayar da Fulani suke kawo shanu, ta birkita duwatsu sun fi ashirin, babu komai sai jajayen tsutsotsi da gansakuka mai wari. Ka san wurin, nan muke kama tarwaɗa da hannu muna yara.

Da muka dawo sama kaɗan, sai ta tsaya ta tambaye ni inda nake wanke famfon feshi. Na nuna mata dutsen da take tsaye a kai. Shekara huɗu ke nan, duk ranar da na yi wa tumatir feshi, a nan nake ɗauraye shi, ragowar maganin kuma in juye a ruwa. Wallahi na ɗauka ruwa mai tafiya yana wucewa da komai. Ta ce maganin da takin zamani suna kuma tsiyaya daga kunyoyin da muka kai har bakin gaɓa.

A mashayar mun haɗu da Fanta, matar makiyayin da ke sauka gabas da mu. Ta ce tun bara shanunsu suke sunsuna ruwan su juya, kuma maruƙa biyu sun mutu musu. Afra'u ta ce ba za ta iya rantsewa ruwan ne ya kashe su ba sai an gwada abin da ke kwalaben. Ni dai na kasa kallon matar. Da wannan ruwan take wanke ƙoren nonon da Iya ke saye kullum.

Na je wurin Malam Shitu liman na faɗa masa komai. Ya ce ruwan da warinsa ya sauya haka ba a alwala da shi, kuma Shari'ar da muke ta murnar zuwanta ba a kotu kaɗai take ba, za a tambaye ni haƙƙin wanda ke ƙasa da ni a rafi. Afra'u kuwa ta ce za ta ɓoye sunan gonar a rubutunta don kada in ji kunya. Na ce ta rubuta shi yadda yake.

Na daina wanke famfon a can, na haƙa masa rami nesa da ruwa. Amma Afra'u ta ce sai an bar taku goma sha biyar daga gaɓa ba a nomawa, a dasa ciyawar gamba da jema su tare abin da ke gangarowa. A rabon gadon Baba, bakin ruwan nan da nake noma maka kasonka ne, kuma shi ya fi albarka. Ba zan taɓa maka ƙasa ba da izininka ba. In ka yarda, zan dasa da ruwan farko na damina. In kana ganin asarar ta yi maka yawa, ka karɓi kasona na tudu, ni in ɗauki naka in bar shi ciyawa. Ni na zuba maganin, ba kai ba. Don Allah ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda amsa, kada ka bari ya juyo hannu sake.

Iya tana sa maka albarka. Saude da yara suna gaida Yaya Barakatu da Sadiya da Abubakar Sadiq. Kawu Mato ma yana gaisuwa.

Ƙaninka mai jiran amsarka,
Amiru.