Tsakuwar Bube

Zuwa ga ƙanena Mumuni, a Damagaram,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gai da iyali. Yaya ƙafar taka? Allah ƙara sauƙi.

Bara na ji ana cewa in ƙauyenmu ya shiga babbar ƙungiyar rijiyoyi ta jiha, wanda bai da gona zai rasa bakin magana. Na yi dariya. Ka san kasuwar Kona, rabin kayanta labari ne.

To, mun shiga. An gyara mana rijiya da siminti har ta fi ɗakina kyau. Sai ga tsarinsu: ƙauye guda ƙuri'a guda, kuma masu gona kaɗai ke zaɓen wakili. Mu kuwa tun kakanni duk mai shan ruwan rijiyar yana jefa tsakuwarsa cikin ƙwarya, Bahaushe da Bafillace.

Ranar zaɓe Bube ya zo, abokin nan nawa na ruga mai kirana Kaɗo maras saniya. Ya san wakilin da ake so burtalin shanu zai toshe. Ɗana Hamani aka ba tsaron ƙwarya. Bube ya miƙa hannu, Hamani ya ce dokar ƙungiya ta hana. Bube ya ce shi ya kai rago ranar sunan Hamani, ya matsa ya ba shi wuri. Hamani ya ture shi. Daga nan sanduna suka tashi, 'ya'yan Bube da gora, namu da ƙotar hauya. An karya hannuwa, an fasa baki, jini har cikin kwamin shayar da dabbobi. Da idona na ga Hamani ya sauke wa Bube ƙota a ƙeya.

Ni na riƙe kansa a amalanke zuwa likita. Ba mu kai Tasawa ba. Wurin wankan gawa aka buɗe hannunsa, tsakuwar na ciki.

Hamani na hannun jandarma. Sun tambaye ni abin da na gani, na faɗa musu. Uwarsa ta daina yi mani magana.

Ka zo ka raka ni gaisuwa ruga, ƙafata ta ƙi zuwa ita kaɗai. Ka gai da Zulfa da yara.

Labarin nan da na yi wa dariya, mutane da yawa sun faɗa mani shi. Na ƙarshe Bube ne, a zaurena, muna shan fura. Na ce masa ya zo ranar zaɓe ya jefa tsakuwarsa, ni na tsaya masa.

Naka, yayanka,
Gambo