Maigida Ya Yanke Wayoyin Fanka

Assalamu alaikum Kaka, don Allah ki taimake ni kafin ranar sunan ɗan yayana. Abinci ma ba ya shiga.

Maigidana yana da shago a nan Kebbe, yana haɗa bidiyon biki a kwamfuta. Da zafin bana ya matsa, yayana Sambo, mai gyaran kwamfuta a Tambuwal, ya sayar masa da na'urar sanyaya ta, irin mai ruwa a ciki, da ɗan famfo da fankoki uku. To, soket biyu ne kawai na fanka a babban allon da ke cikin kwamfutar. Yaya ya ce ya dakata, zai aiko da wata waya mai reshe uku daga Sakkwato. Kaka, mutumen nan bai san jira ba. Ina tsaye da kwanon abincinsa ya ɗauki reza, ya yanke wayoyin fankokin da na famfon, ya murɗe su wuri guda, ya naɗe da salatif kamar yadda yake haɗa wayar ƙwan lantarki, ya cusa a soket ɗaya. A ganinsa wuta ai wuta ce.

Yanzu da ya fara aiki sai kwamfutar ta mutu, har ƙauri-ƙauri nake ji. Shi kuwa ya kafe cewa Yaya tsohon kaya ya sayar masa. Ya daina ɗaukar kiransa, kuma ya rantse ranar suna zai ɗora ta a babur ya dire ta gaban Baba, cikin jama'a. In na yi shiru, a kira yayana macuci. In aka buɗe ta a can, mijina ya ji kunya gaban surukai. Ni kaɗai na ga rezar nan. Mi zan yi?

Jikarki mai zullumi, Kebbe

Wa alaikis salam, jikalle. Ashe angon nawa har tiyata yake yi! Ni da kwamfuta sai kallo, don haka na kai maganar wajen Batula, 'yar ɗana, wadda wannan ne aikinta. Da ta ji zancen salatif sai ta dafe kai.

Ga abin da ta ce. A daina kunna kwamfutar tun yau, ƙaurin nan ba turare ba ne. Soket ɗaya yana da iyakar wutar da zai ɗauka, mijinki kuwa ya ɗora masa kaya huɗu. Fankokin uku su hau waya mai reshe, su shiga soket ɗin da aka rubuta CPU_FAN a gefensa. Famfo ya zauna shi kaɗai a ɗaya soket ɗin, a saita shi ya yi ta gudu ba sassauci, don in ya lafa ruwa ya tsaya, ƙwaƙwalwar kwamfutar ta yi zafi ta kashe kanta. Wayoyin da aka yanke kuma, mai gyara ya duba su, har da soket ɗin.

Saura naki aikin. Mijinki ba ƙarya yake yi ba, bai san ya yi ɓarna ba ne, kuma hanyar abincin gidanku ce take mutuwa a gabansa. Sambo ma yana da nasa laifin: wa ke ba mai gaggawa rabin kaya ya ce jira? Amma ba macuci ba ne, kuma shirunki zai sa a kira shi haka.

Kada ki fara da yayanki, kada ki fara da Baba. Ki sami mijinki ku biyu, bayan ya ƙoshi, ki gaya masa abin da mai sani ta ce game da haɗin nan, ki ce kina tsoron a buɗe a gaban mutane. Sai shi da kansa ya kira Sambo. Zai kumbura, zai yi ta huci. Ki ƙyale shi, na ga mazan da suka fi shi kumbura, kuma duk sun sauko. In ya ƙi, ki sanar da shi cewa duk wanda ya tambaye ki, gaskiya za ki faɗa, don kada ya ce kin yi masa ba-zata.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya raya jaririn, ya ba bakinki sa'a.

Kakarku