Gado Mai Ɓaure da Kifi

Daga Mattea, a Lucca, zuwa ga Tano marini, a Pisa

Da sunan Allah, amin.

Mijina, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan tarin nan ya sake ka. Na rubuta "mijina" na tsaya ina kallon kalmar, don babu inda nake iya faɗinta sai a takarda.

Ka sake tambayata yaushe zan tare. Ba mantawa ka yi ba, so kake in maimaita ko zancen zai canza a bakina. To ga shi. Marigayi Benuccio, mijina na fari, ya bar wasiyya cewa ɗakin nan nawa ne, da gadon, da labulensa, da akwatunan da ke kewaye da shi, kuma ɗana Betto yana hannuna, muddin ban yi wani aure ba. Ranar da aka ji na yi miji, yayansa Ubaldo zai raka ni bakin ƙofa, yaron kuwa ya zauna, don ɗan gidansu ne. Shekararsa bakwai, Tano. Har yanzu ƙaramin gadonsa nake jawowa daga ƙarƙashin nawa, kuma ba ya barci sai ya miƙo hannu ya kama gefen bargona.

Kada ka ce na yi nadama. Ina tuna ranar da mutanen gida suka tafi zagayen gicciye na coci, ka zauna a kan akwatin gefen gado, hannuwanka shuɗi har gwiwa saboda rini, ka ce ka ɗauke ni mata, na ce na ɗauke ka miji, gwaggona Cilia tana tsaye tana kuka kamar an yi mutuwa. A wurin Allah an ɗaura. Zoben da ka sa mini yana ɗinke a cikin matashin kaina.

Jiya matan unguwa suka zo hira, suka jeru a kan akwatunan suna kaɗi. Matar mai burodi ta kawo labarin saurayin da ya ɓuya a akwatin gefen gado, maigida ya zo ya zauna a kai yana cin cuku. Suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Duk labaran soyayyar garin nan a ɗakin kwana suke ƙarewa, a ja labule, shi ke nan. Ban taɓa jin wadda ta faɗi ɗakin na waye ba, ko wa aka kora da safe.

Ka yi haƙuri har Betto ya isa a kai shi koyon saƙa. Kada ka faɗa wa kowa, ko Fada, limamin cocinku. Almasihu ya kiyaye mini kai.

Matarka, Mattea.

Daga Tano zuwa ga Mattea

Da sunan Allah, amin.

Farin cikina, ina gaishe ki, ina gaida Betto a zuci tun da ba dama a baki. Tari ya tafi. Haƙuri kuwa ina yi, amma ki sani ba shi da daɗi.

Ban faɗa wa kowa ba, bakina a ɗinke yake. Sai dai akwai abin da na yi, na so in ɓoye miki amma cikina ba ya riƙe daɗi. Wane irin miji ne ni, da zan bar matata tana kwana a gadon wani? Kowane ango a ƙasar nan shi ke shirya ɗaki kafin amarya ta shigo, ko mai wankin jirgi. Ubana ya yi wa uwata. Kullum na shiga ɗakina na ga 'yar katifar ciyawar nan a ƙasa, sai kunya ta kama ni.

Na sa kafintan bakin gada ya yi mana gado. Mattea, da kin gani! Katako ne mai kyau, faɗinsa zai ci mutum huɗu, da akwatuna a gefe uku. Kafinta ya ce, "Kai marini, mata za ka kwantar ko runduna?" Na ce ya yi aikinsa. Da aka zo kan allon da ke wajen kan gadon, mai zane ya tambaye ni alamar gidan amarya, kamar yadda ake yi. Ban faɗi suna ba, wallahi. Na ce dai ya zana ɓaure uku na gidan ubanki a dama, kifin gidanmu a hagu. An jingina shi a ƙofar shago fenti yana bushewa, ina wucewa ta nan safe da yamma kamar wawa.

Zai jira ki, ko shekara nawa ne. Allah ya tsare ki.

Mijinki, Tano.

Daga Mattea zuwa ga Tano

Da sunan Allah.

Ina gaishe ka, don uwata ta koya mini gaisuwa, ba don raina yana so ba.

Ka kashe ni, Tano. A ƙofar shago! A bakin gada, inda duk fataken siliki na Lucca suke bi su je bakin teku! Ka ce ba ka faɗi suna ba. Gida nawa ne ke da ɓaure uku? Mace nawa ta rage a gidan ubana in ba ni ba? Da ka hau hasumiya ka yi shela da ya fi sauƙi, wataƙila iska ta kwashe.

Ubaldo da kansa ya gani. Takardarka ba ta daɗe a hannuna ba ya dawo daga Pisa, ko takalmi bai cire ba ya shigo ɗakina, uwarsa Monna Orsa tana biye. Ina tsefe wa Betto kai. Ya ce wa yaron, "Je ka wurin dawaki." Sannan ya zauna a kan akwati, daidai inda ka zauna.

Ya ce, "Matar ƙanena, ashe barka ta kama. Na ga gadonki a Pisa. Ya fi wannan faɗi."

Na ce, "Yaya, ban san zancen da kake yi ba."

Monna Orsa ta ce, "Ba ta sani ba! Ɓauren ne suka yi ƙafa suka je suka kwanta kusa da kifi. Ke, a gadon nan ɗana ya cika, katifar ko hucewa ba ta yi ba."

Na ce mata shekara uku katifar tana hucewa, kuma ni na juya shi na wanke shi har ya cika, ita tana coci. Da na yi shiru da ya fi. Ta yaye labulen, ta zazzage zannuwan, ta buɗe akwatunan ɗaya bayan ɗaya kamar za ta same ka a naɗe a ciki. Matashin kaina ta ɗauka ta jefar, Allah ya rufa asiri ba ta matsa ba.

Sun ɗauke ƙaramin gadon Betto sun kai ɗakinta. Ina jin kukansa ta bango. Jiya ya kuɓuce ya zo ya ce, "Mama, Kaka ta ce za ki bi mai shuɗin hannu ki bar ni. Ƙarya take ko?" Na ce ƙarya take.

Ubaldo ya ce ranar Lahadi bayan sujada zan dafa Linjila a gaban Fada in rantse ba ni da miji. In na rantse, ɗaki da yaro nawa. In na ƙi, ƙofa. Ka gaya mini yadda zan yi, kai da ka iya shirya ɗaki. Ina jin tsoro, Tano, ban taɓa jin irinsa ba.

Allah ya kiyaye ka, ni ma ya dube ni.

Mattea.

Daga Ubaldo, ɗan kasuwar siliki a Lucca, zuwa ga Tano marini

Da sunan Allah, amin.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace. Ka yi wa gidanmu rini shekaru, ba mu taɓa samun aibu a aikinka ba, shi ya sa nake rubuto maka maimakon in aiko mutane.

Na ga abin da ka sa aka zana. Ban tambaye ka ma'anarsa ba, kuma ba na son ka gaya mini. Ɗan ƙanena ba zai tashi a gidan wani ba, ba zai ci abincin wani ba, ba zai kira wani uba ba. Wannan ba ƙiyayya ba ce. Shi kaɗai ne namijin da ya rage mana, ni Allah bai ba ni ba. In matar taka ce, zo ka ɗauke ta da rana, ba mai taɓa ka. Ita kaɗai za ta fito.

In kuwa ba taka ba ce, za ta faɗa da bakinta ranar Lahadi, magana ta mutu.

Allah ya ba ka lafiya.

Ubaldo.

Daga Tano zuwa ga Mattea

Da sunan Allah, amin.

Mattea, ina gaishe ki, in har za ki karɓa. Na yi wauta, ban da bakin kare kaina. Na je na juya allon ya fuskanci bango, kafinta yana mini dariya wai yanzu kuma me ya rage.

Ki saurare ni. Kada ki rantse. Na tambayi wani magatakarda ba tare da na ambaci suna ba. Ya ce in akwai zobe da shaida, kotun bishop, babban limamin coci, za ta tabbatar da auren, ba mai raba mu. Gwaggo Cilia za ta faɗi gaskiya. Ki fito, ki zo. Yaron kuma mu san dabara. Ina da aboki mai jirgi, sai mu ɗauke shi mu tafi Genova, ko inda ba a san mu ba. Ko mu roƙi Ubaldo ya bar shi ya riƙa zuwa lokacin idi. Ko in je in durƙusa wa tsohuwar. Zan yi komai.

Ba na iya cin abinci. Na ɓata turmin siliki guda, na sa shi a baƙi maimakon ja. Ki amsa mini ta hannun mai alfadarin da ya kawo wannan takarda, zai jira.

Mijinki, ko kin so ko kin ƙi, Tano.

Daga Mattea zuwa ga Tano

Da sunan Allah, amin.

Mijina, gaisuwa. Mai alfadari yana tsaye, zan gajarta.

Kotu za ta ba ka mata, na sani. Ba za ta ba ni ɗa ba. Jirgi kuwa, kafin mu kai bakin ruwa an kamo mu, a rataye ka a kan satar yaro, Betto yana kallo. Zuwa lokacin idi? In ga ɗana sau biyu a shekara, an koya masa ya kira ni mai gudu?

Na yi ta juya abin har kaina ya yi ciwo. Zan rantse. Na san abin da ke jiran mai dafa Linjila a kan ƙarya. Tun ina yarinya nake kallonsa a zanen bangon coci, an rataye masu rantsuwar ƙarya ta harshe. Ba zan iya zuwa in faɗa wa Fada ya nema mini gafara ba, don gafarar sai na warware rantsuwar, in na warware kuma an ɗauke yaron. Haka zan zauna da ita har in mutu. Na gwada kalmomin a ɗaki ni kaɗai, muryata ta ƙi fita, amma ranar za ta fita.

Ban daina son ka ba, da na daina da abin ya zo da sauƙi. Kada ka zo Lucca. Allah ya haɗa ka da alheri.

Mattea.

Daga Tano zuwa ga Mattea

Da sunan Allah, amin.

Ina gaishe ki. Na saɓa miki, na zo Lucca, na koma. Ba za ki rantse ba, na riga ki.

Ranar kasuwa na tsaya a ƙofar shagon Ubaldo, na sa aka kira Fada da Linjila, mutane suka taru. Na dafa na ce ban taɓa aurenki ba, ban taɓa taka ɗakinki ba. Na ce na hango ki ne ta taga na haukace, na sa aka yi gado don matar da ko sunana ba ta sani ba. Kasuwa ta fashe da dariya. Wani ya ce, "Ka kwanta da kifin naka!" Wata ta jefe ni da ɓaure. Ubaldo bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce wa Fada ya isa, ba sai an wahalar da matar ƙanensa ba.

Ni na jawo, ni ya kamata in ɗauka. Ba zan yi wani aure ba, ina da mata. Ba zan ƙara rubutowa ba, kada a kama. Ki sumbaci yaron.

Almasihu ya tsare ki. Ni ban san ko zai ƙara dubana ba.

Tano.

Daga Mattea zuwa ga Tano

Da sunan Allah, amin.

Mijina, ina gaishe ka.

Sun dawo mini da Betto, ga shi nan yana wasa a ƙasa. Monna Orsa ta kwaso kayanta ta dawo ɗakin nan, ta ce daga yau tare za mu riƙa kwana, ita a bakin gado ni a jikin bango, har ɗayarmu ta mutu. Lafiyarta ƙalau.

Matar mai burodi ta riga ta mai da kai labari. Jiya ta ba da shi a nan, kowa ya juyo yana kallona, sai da na yi dariya tare da su.

Wannan ce ta ƙarshe, ka ƙone ta. Ka ci abinci, Tano, don Allah.

Matarka har abada, Mattea.