Munduwar Kakar Marta

Yelwa-Yauri

Zuwa ga yayana Shamsuddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Yasira da yara. Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi.

Maganar Baba ce. Ka san shi kaɗai ya rage maƙerin fari a unguwarmu, kuma idonsa ya yi rauni, amma wa ya isa ya faɗa masa? Wata Marta ta zo daga Wara da munduwar azurfa ta kakarta, mai jajayen duwatsun tsakiya, ta tsage tana so a liƙe. Baba na shafa ta ya gane zanen mahaifinsa ne, Kaka Mamuda, tun kafin ruwan madatsar Kainji ya ci tsohon gari. Dillalai sun daɗe da kwashe aikin Kaka, ko zobe ba mu da shi. Rabon da in ga Baba yana murna haka har na manta.

Ya cire duwatsun lafiya, ya sa ta a wuta. Kai ma ka san da ido ake gane azurfa, tana yin ja a janye. Bai ga jan ba. Ta narke, zane da komai.

Marta ta durƙusa ta yi masa sannu da aiki. Da zaginsa ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ya roƙe ta ta bar masa dunƙulen ya sake ƙerawa.

Yaya, gyaran wayar nan na Kaduna ba zai gudu ba. Ka zo ka zama idonsa, ka koyi abin da ya rage. Wallahi tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Fauziyya

Yelwa-Yauri

Yaya Shamsuddeen,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin yara? Na ji saƙonka, cewa sai bayan Salla.

Baba ya gama munduwar, ya kira ni in duba. A karkace take, duwatsun ba su zauna ba. Na ce ta yi kyau. Ya bi ta da babban yatsa, ya ji karkacewar, ya aika wa Marta da ita tare da ban haƙuri.

Jiya ya tattara kayan ƙirarsa ya ba Audu maƙerin baƙi na maƙwabta. Tun safe muke jin gudumar Kaka ta bayan katanga tana dukan fartanya. Baba ya ɗauke tabarmarsa ya koma ƙuryar ɗaki.

Ka zo gaisuwa in ka samu hali. Koyo kam, babu sauran abin koya.

Ka gaida Yasira.

Taka,
Fauziyya