Ramin da Ba a Samu Komai Ba

Arlit, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Ni'ima,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da sanyin birnin Janeba da tukunyarki da ta manta ƙamshin daddawa. Mu nan lafiya, sai tarin Baba da kika sani. Inna na gaishe ki a ɓoye. Ɓoyon nan ne ya sa na rubuto da hannu na ɗauki hoton takardar, don in na yi miki saƙon murya Baba zai ji.

Na yi ɓarna. Kin tuna hoton da kika turo, kina sanye da hular kwano a gaban ƙatuwar na'urar nan? Shekaranjiya bayan la'asar, Baba na shan shayi da Baba Akoli, abokin aikinsa na da a ramin haƙar ma'adinai, na miƙa masa salula na ce ga 'yar lelensa, duk karatun bokon a rami ya ƙare, mita ɗari ƙarƙashin ƙasa. Wallahi dariya kawai na nema. Baba Akoli ya dara, Baba bai dara ba. Ashe shekara shida yana zaton koyarwa kike yi. Kin san tun da ƙurar rami ta lalata masa ƙirji ya ce jininsa ba zai ƙara shiga rami ba, abin da ya bar ni a kabu-kabu ke nan. Ya ajiye kofi, ya rantse da Allah ba zai sake magana da ke ba sai kin bar ramin kin dawo gida.

Shi ya sa kika kira sau uku bai ɗauka ba. Ki rubuto min aikinki da Hausar mutane, in je in gyara.

Ƙanenki mai laifi,
Rabi'u

Arlit, ranar Alhamis

Yaya Ni'ima,

Bayan gaisuwa da tambayar gajiya, amsarki ta iso, ta kuma sa min ciwon kai. Sau biyar na karanta. Abin da na gane shi na kai masa: akwai zobe mai kilomita ashirin da bakwai a ƙarƙashin ƙasa, ana koro ƙwayoyin da ido ba ya gani su yi karo da gudu, ku kuma ku bincika tarkacen ko wata sabuwar ƙwaya mai nauyi ta fito ta watse nan take. Na ce masa kamar moto biyu ne, irin babur ɗina, su gwabza a gaban tasha, a tsinci injin tirela cikin ɓaraguzai. Ya ce ƙaryata ta girma ta kai Turai.

Ya tambaye ni tan nawa kuka fitar. Na ce ko ƙwaya ɗaya. Na ba shi labarin ɗan tudun da kuka gani a jikin zanen lissafi, kuka yi murna, da karon ya ƙaru ya baje. Na gaya masa in na'ura tana aiki ba mai sauka ƙasa, a sama kuke zaune gaban allo, hoton ma ranar gyara ne. Ya ce shi hula ya gani, kuma ya san hular.

Ke ma kin ba ni haushi. Kin ce ba za ki iya tahowa ba sai an kashe na'ura a ƙarshen shekara. Ran Talata mun kai shi asibiti, sai da aka sa masa iska kafin ya dawo daidai. Da muka koma gida na tuna masa karatun da ya kai ni da kansa, cewa wanda ya rantse ya ga abin da ya fi alheri yana iya ciyar da mutum goma ya warware. Takalmi ya jefo min. Ku biyun taurin kanku ɗaya, ni ne a tsakiya kamar jakin haya. Hotonki dai yana nan a bango bai cire ba, juya kujerarsa ya yi.

Naki da ya gaji,
Rabi'u

Arlit, ranar Laraba

Yayata,

Ina gaishe ki, Inna ma na gaishe ki, yau kam da ƙarfi.

Halina ya sake motsawa jiya. Da kika ce kun fitar da takarda mai shaida cewa ƙwayar ba ta nan daga nauyi kaza zuwa kaza, na kasa haƙuri. Na ce wa Baba Akoli, a inda Baba zai ji, mutum dubbai sun sa hannu don su sanar da duniya ba su samu komai ba. Na jira dariya, ba ta zo ba.

Baba Akoli ya ce haka aikinsu yake kafin su shiga rami. Shekara huɗu shi da Baba suna yawo da injin haƙa a dajin kudu, suna huda ƙasa don gwaji. Mafi yawan ramukan ba komai, amma kowanne sai an kafa masa ƙarfe mai lamba, an rubuta zurfinsa a taswira, don wanda zai zo baya ya san inda ba zai ɓata ƙarfinsa ba. Ni ban taɓa jin wannan ba, kullum labarin ramin nake ji.

Baba ya juyo gare ni.

"Wurin da suka duba babu, suna sa masa lamba?"

Na ce takardar ke nan.

"To ba shirme suke yi ba."

Yau da safe ya sa Inna ta auna gero kashi goma. Ni na ɗora a moto na raba gida gida har unguwannin Akokan, ya kuma hana ni ɗaukar fasinja ko ɗaya sai na gama.

Bai ce zai kira ki ba, kin san shi. Ya dai ce ran Juma'a bayan masallaci yana gida, kuma salulata ta fi tasa ƙara. Kada ki makara, Yaya, kada kuma ki cika shi da dogon bayani, numfashinsa bai kai na da ba. Ki shirya, ya ce zai tambaye ki zurfin da kuka kai da inda za ku haƙa gaba.

Don Allah ki ɓoye hular.

Ƙanenki,
Rabi'u