Kallon Gilashin Kanti

Cape Town, 3 ga Maris, 1964

Yaya Galiema,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama. Shekara tara ban rubuto ba, na san ba ni da bakin magana. Wuya ce ta kawo ni.

Malamar makarantar su ’yata Annelie ta kai ƙara, wai gashin yarinyar bai yi kama da na Turawa ba. Hukumar tantance launi ta kira mu. Suka soka mata fensir a gashi, suka ce ta girgiza kai. Bai faɗo ba, wanda a wurinsu shaida ce cewa ba Baturiya ba ce. Yanzu ni suke tonawa, don wani ya ce ya san ni a gidan Mama. Idan suka soke katina na Bature suka maida ni ɗan ruwa biyu, aikin jirgin ƙasa ya tafi, aurena da Elsabé ya haramta, yarinyar kuma a kore ta daga makaranta.

Abu ɗaya ne zai fisshe ni. Mama ta zo ta shaida cewa ita mai raino ce kawai, uwata Baturiya ce da ta rasu. Magana ce ta minti biyar. Don Allah ki lallashe ta.

Ƙaninki,
Cedric

District Six, 10 ga Maris

Sedick,

Na amsa gaisuwarka. Da sunan da aka raɗa maka zan kira ka, ban san wani Cedric ba.

Minti biyar! Kai, amma ba ka da kunya. Shekara tara duk inda muka hango ka a titi sai mu juya muna kallon gilashin kanti, kamar yadda kowane gida ke yi wa nasu da ya tsallaka ya koma Bature, don kada gaisuwarmu ta tona maka asiri. Mama ta haddace kuɗin kowane takalmi a titin Adderley saboda kai.

Ka tuna ranar da mu goma sha biyu, matan ƙungiyar ɗinki, muka zauna a taragon Turawa muka ƙi tashi? Kai ne mai duba tikiti. Ɗan sanda na jan ƙafata a ƙasa, kai kana kallon taga. Wata uku na yi a kurkuku. Yanzu an hana ni fita unguwa, an hana ni zama da mutum fiye da ɗaya. Ni na ƙona katina, kai kana neman a ƙona maka uwa don naka ya tsira.

Yarinyar ta ba ni tausayi, gashin kakarta ta ɗauko. Amma Mama ba ta da lafiya, kuma ba zan gaya mata ba. Ka huta lafiya.

Galiema

Cape Town, 19 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa, Allah ya saka miki da alheri. Na san zuciyarki ba za ta iya ba. Mama ta zo ranar Talata da farin ɗankwalinta. Baturen hukumar ya nuna ni ya ce, “Ke tsohuwa, ɗanki ne wannan?” Ta ce, “A’a, ranka ya daɗe, ni goyonsa kawai na yi.” Ya ce to ta gaishe ni yadda ta saba. Ta rusuna ta ce, “Barka da rana, maigida.”

Sun rufe maganar. Na so in raka ta bakin mota, amma akwai idanu. Ki gaishe ta.

Naki,
Cedric

District Six, 27 ga Maris

Sedick,

Salamu alaikum. Ban aike ta ba. Wasiƙarka ta tsinta a ƙarƙashin gwangwanin fulawa, ta kai wa maƙwabciya ta karanta mata. Da ta dawo ranar nan, abin da ta ce kawai shi ne wai ka rame. Daga nan ba ta ƙara cin abincin kirki ba. Jiya Alhamis ta rasu, an kai ta bayan la’asar. ’Yan sanda sun tsaya a ƙofa, suka hana ni zama cikin masu gaisuwa, wai taro ne.

Saboda ita nake juya maka baya, kuma yanzu ba ta nan. Duk ranar da aka sake ni muka haɗu a titi, ko kana tare da wa, ba zan kalli gilashi ba. Zan gaishe ka da sunanka.

Yayarka, uwa ɗaya uba ɗaya,
Galiema